Filin Shawara: Tik ya yi shuɗi, amma wa ya karanta?

Wasiƙu huɗu na zaɓo muku a wannan makon daga Jega da Aliero da Maiyama. Na haɗa su wuri guda ne saboda duk kukansu ɗaya ne: lambar waya ɗaya, amma WhatsApp ɗinta a buɗe yake a wuri fiye da ɗaya, ko kuwa saƙo ya tafi an rasa inda ya maƙale. Kamar kullum, na sakaya sunaye.

Daga wani ɗan kasuwar albasa, Aliero

Gwaggo, bayan gaisuwa mai yawa. Sana'ata albasa. Muna saye lokacin da ta yi araha mu zuba a rudu, in ta yi daraja mu loda zuwa Kudu. Da yake yawancin yini ina fadama ko wajen lodi, sai na bar ƙanena ya sa WhatsApp ɗina cikin wayarshi, don ya riƙa amsa masu saye in ba ni kusa. Kwanan baya wani abokin cinikina na Anacha, wanda munka daɗe muna hulɗa, ya aiko saƙo yana son mota guda. Ni ban gani ba sai bayan la'asar, don wayata ba ta yi ƙara ba, ba ta kuma nuna mini sabon saƙo ba. Da na kira shi na faɗi farashi, sai ya ce ai tun da hantsi na ba shi wani, ƙasa da wanga da dubu biyu a kan kowane buhu. Ashe ƙanena ne ya ba shi farashin shekaranjiya. Yanzu mutumin na cewa na zama mai magana biyu, har ya turo mini hoton hirar da hotona a sama. Shin wayar ce ta ɓoye mini saƙo? Kuma wane farashi ya hau kaina?

Amsa

Alhaji, Allah ya sanya albarka a kasuwa. Zan fara da tambayarka ta biyu, don ita ce mai zafi. A ganina farashin da ƙanenka ya bayar ya hau kanka. Kai ka wakilta shi, kai ka ba shi bakinka ya yi magana da shi. Mutumin Anacha bai da wata hanyar gane wanda ya rubuta, domin WhatsApp ba ya nuna wa mai karɓa ko daga wace waya saƙo ya fito. Lambarka ya gani, hotonka ya gani. Ka kira shi, ka faɗa masa yadda abin ya faru ba tare da kwana-kwana ba, ka loda masa a kan farashin hantsi. In ya ga dama ya raba asarar da kai, wannan karamcinsa ne. Dubu biyu a buhu kuɗi ne, na sani, amma mai saye da ya yarda da maganarka daga nisan Anacha ya fi su tsada.

Wayarka kuwa ba ta ɓoye maka komai ba. Ka ɗauka saƙo ne ka kai tashar motar Jega za a kai wa wani a Koko. Da ɗan kamasho ya karɓa, ka san ya bar hannunka: wannan shi ne tik ɗaya, ma'ana saƙon ya isa manyan kwamfutocin kamfanin. Da direba ya miƙa shi a ƙofar gida, ko wa ya tarar, an ce saƙo ya isa: tik biyu ke nan. Da wani a gidan ya kwance ƙullin, an ce an buɗe: shuɗi ke nan. Babu ɗaya daga cikin ukun nan da ke rantsuwa cewa mai gidan da kansa ya gani.

Ga abin da ya faru a ranar. Duk wayar da aka haɗa da asusunka tana da nata makullin sirri. In mutumin Anacha ya danna aikawa, wayarsa tana kulle saƙon daban-daban, kwafi ɗaya don wayarka, ɗaya don ta ƙanenka. Kana fadama babu sabis, naka kwafin yana jira. Ƙanenka yana cikin gari, nasa ya shiga nan take, don haka tik biyu suka fito a Anacha. Ya buɗe, suka yi shuɗi. Ya ba da amsa da sunanka. Da ka dawo inda akwai sabis, wayarka ta karɓi saƙon tare da labarin cewa an riga an karanta shi, shi ya sa ba ta ɗora masa koren lambar nan ta sabon saƙo ba. Yana nan cikin hirar, ya dai nutse ne a ƙarƙashin wasu.

Wannan matsala ta girmi WhatsApp. Tun da aka fara manhajojin hira masu ƙera su ke fama da tambayar nan: in mutum ɗaya ya shiga daga wuri biyu, ina za a kai saƙonsa? Wasu na farko suka zaɓi kora, da ka shiga a sabon wuri sai a fitar da kai daga tsohon. Tsarin Jabber, wanda Jeremie Miller ya fito da shi a 1999, ya bari a shiga daga wurare da yawa, amma kowace na'ura da matsayinta, saƙo kuma ya tafi ga wadda ta fi matsayi. Sai ya zama mutum yana riƙe da waya a hanya, saƙonsa yana can kan kwamfutar ofis babu mai gani. Daga baya ne aka ƙara dabarar aika wa kowace na'ura kwafi. BBM da matasanmu suka yi yayi kafin a rufe shi a 2019, shi da farko lambar PIN ɗinsa a jikin wayar take, waya ɗaya mutum ɗaya. WhatsApp ma haka ya fara a 2009. Ko da ya kawo na kwamfuta a 2015, kwamfutar tana kwaikwayon abin da ke cikin waya ne kawai, in waya ta mutu ita ma ta tsaya. A 2021 aka fara gwada sabon tsari inda kowace na'ura ke cin gashin kanta, har guda huɗu ban da babbar waya. A Afrilun 2023 aka yarda waɗannan huɗun su haɗa da wasu wayoyin. Abin da ƙanenka ya yi amfani da shi ke nan. Sun warware matsalar isar da saƙo, amma sun yi tsarin ne da tunanin mutum ɗaya mai na'urori da yawa. Mu kuwa a nan mun mai da shi mutane da yawa masu lamba ɗaya.

Ban ce ka cire ƙanenka ba, yana yi maka aiki. Amma ku raba aikin. Shi ya amsa gaisuwa, ya faɗi ko akwai kaya, ya turo hoton albasa da lambar mota. Farashi da lambar asusun banki kuwa daga bakinka kaɗai za su fito, da muryarka, ko a kira ko a saƙon murya, kuma ka sanar da duk masu sayenka haka tun yanzu. Duk abin da ya rubuta ya sa sunansa a ƙarshe. In ya buɗe saƙon da ba nasa ba ne amsawa, ya kira ka. Mafi kyau ma ka sayi layi na biyu ka buɗe masa WhatsApp Business, wanda aka yi don 'yan kasuwa tun 2018, ku haɗu a kan wannan, naka na kanka ya koma naka. Domin a halin yanzu, Alhaji, ƙanenka yana ganin duk abin da iyalinka ke rubuto maka, kuma ina da yaƙinin ba su san da haka ba.

Sannan ka sani, in babbar wayar ta wuce kwana 14 ba a buɗe WhatsApp a kanta ba, sauran duk za su fita da kansu. In za ka yi doguwar tafiya, Umara ko wani wuri, ka tuna da wannan.

Daga wata matar aure, Jega

Gwaggo, don Allah ki rufa mini asiri. Shekararmu uku da aure. Kusan wata biyu ke nan mijina yana faɗa mini maganganun da ni da yayata kaɗai munka yi su a WhatsApp. Ran nan har ya yi mini gori a kan wata matsala ta gidan yayar tawa, wadda ta roƙe ni kada in faɗa wa kowa. Ban taɓa ba shi labari ba. Wayata kullum tana hannuna, in ban da wani dare da ya karɓa ya ce zai kai mini caji shago. Ƙawata ta ce asiri ne, wata ta ce ya sa mini wani abu a waya. Ban ci amanarshi ba, amma yanzu ko gaisuwa zan rubuta sai gabana ya faɗi.

Amsa

'Yata, kwantar da hankalinki, kada ki kai kuɗinki wajen kowa da sunan karya asiri. Ki buɗe WhatsApp, ki taɓa ɗigo ukun nan da ke sama, ki shiga inda aka rubuta "Linked devices". Duk wata waya ko kwamfuta da ke buɗe da asusunki za ki gan ta a jere, da lokacin da aka yi amfani da ita na ƙarshe. In wurin fayau yake, to sai a duba wata hanyar, wataƙila yana ɗaukar wayar ne in kin yi barci. In kuwa kin ga baƙuwar na'ura, kin sami amsarki. Haɗawar ba ta cin minti biyu. Wanda ya riƙi wayarki in ba ta da kulli, ko ya san lambar buɗe ta, zai yi amfani da ita ya haska wani hoton ɗigo-ɗigo da zai fito a tasa wayar, shi ke nan. Daga lokacin duk saƙon da ya shigo miki ana yi masa kwafi, har da wani kaso na tsofaffin hirarrakinki.

Za ki ce to ina kullin sirrin da ake cewa ko kamfanin ba ya iya karantawa? Yana nan, tun 2016 aka kammala sa shi a duk hirarraki. Yana kare saƙo ne a kan hanya. Amma wayar da aka haɗa da hannunki ko da wayarki, tsarin yana ɗaukarta a matsayin ke ce.

Fitar da ita abu ne mai sauƙi: ki taɓa sunanta, ki danna "Log out". Sai ki canza lambar buɗe wayarki, ki sa wa WhatsApp ɗin kansa kullin yatsa. Amma ki dakata kafin ki danna. Da kin fitar da shi zai sani, domin tasa za ta rufe. Ke kika san mijinki. In mutum ne da ake iya zama da shi a yi magana, ki ɗauki hoton shafin tukuna, ki nemi lokacin da ransa yake a sake, ki nuna masa, ki ce: "Ga abin da na gani. Me kake nema da ba za ka tambaye ni ba?" In kuwa kina tsoron hannunsa ko bakinsa, kada ki tunkare shi ke kaɗai. Ki fara sanar da waliyyinki ko wani babba da yake jin nauyinsa, a yi maganar a gabansu.

Abin da ya yi ba daidai ba ne, kuma ba zan sassauta wannan ba. Aya ta 12 a Suratul Hujurat ta hana mugun zato da bin diddigin asirin mutane, ba ta kuma ware miji ko mata ba. Abin da ya fi ci mini rai a wasiƙarki shi ne yayarki. Ita ba matarsa ba ce. Ta buɗe cikinta ga ƙanwarta, sai ga maganar a bakin suruki, har ana gori da ita. Mai leƙen wayar mutum ɗaya yana leƙen duk wanda ya amince da mutumin nan ne: uwa, ƙawa, maƙwabciya mai neman rancen da take jin kunyar a sani. Ki gaya wa yayarki tun yau ta daina rubuto miki abin sirri har sai kin gyara wayar. Tana da haƙƙin ta sani.

Kuma kada maza su ce na ɗora musu laifi su kaɗai. Mata ma suna rubuto mini suna neman in koya musu yadda za su haɗa wayar maigida da tasu, musamman in an ji ƙishin-ƙishin ƙarin aure. Ba na koyarwa. Wadda ta fara wannan ta sayi rashin barci da kuɗinta, domin rabin hira take gani, sauran rabin kuma zuciyarta ce za ta cike mata.

Ga kowa kuma: in za ku bar waya wajen mai caji ko mai gyara, ku bar ta a kulle. In gyaran ya tilasta a buɗe, ku duba wannan shafi da kun karɓo ta.

Daga wani saurayi, wani ƙauye kusa da Maiyama

Gwaggo, an kai kuɗin gaisuwata. Yarinyar ta tafi wajen gwaggonta a wani ƙauye can wajen Zamfara. Kwana tara ke nan duk saƙon da na tura tik ɗaya ne. Abokaina sun ce ta toshe ni. In haƙura ko in aika a maido mini kayana?

Amsa

Ɗana, a kan tik ɗaya za ka rushe abin da manya suka ƙulla? Tik ɗaya yana nufin saƙonka ya bar wayarka bai shiga tata ba, iyakarsa ke nan. Ko ba caji, ko ba data, ko ba sabis, ko wayar ta faɗa ruwa. Toshewa ma tana kawo tik ɗaya, gaskiya ne, kuma da gangan kamfanin ya sa ba a iya bambancewa. Kai da kake ƙauye ka fi kowa sanin yadda ake hawa tudu neman sabis.

Ka kuma san saƙon ba zai jira ta har abada ba. Kwana 30 kamfanin ke riƙe wanda bai isa ba, daga nan ya goge shi. Mutanen Zamfara sun ga wannan a 2021, lokacin da aka katse layukan waya a jihar tun farkon Satumba saboda matsalar tsaro, wasu yankunan ba a maido musu ba sai wajen ƙarshen Nuwamba. Duk wanda bai sami fita zuwa inda akwai sabis ba, saƙonnin makonnin farko ba su taɓa isa gare shi ba, alhali masu aikawa suna can suna zaton an yi biris da su. Ka je gidan iyayenta ka gaishe su, ka tambayi lafiyarta, ka karɓi lambar wani a gidan gwaggon ka kira.

Daga wata ɗaliba, Aliero

Gwaggo, wani ya kira ni ya ce shi ne ke shirya taron ajinmu ta intanet, wai an turo mini lambar shiga, in karanta masa. Na karanta. Nan take WhatsApp ɗina ya fita. Yanzu yana bin 'yan ajinmu da 'yan'uwana yana roƙon kuɗi da sunana, har kawuna ya tura. Kunya ta hana ni shiga aji. Zai ga tsofaffin hirarrakina?

Amsa

'Yata, ki koma aji gobe. Manyan mutane masu digiri sun faɗa wannan ramin, ɓarawo ne ke da abin kunya.

Naki ya bambanta da na baiwar Allah ta Jega. Ita an zauna kusa da ita ne ana leƙe, ke kuwa an tashe ki ne an zauna a wurinki. Babbar waya ɗaya tak WhatsApp ke yarda da ita ga kowace lamba, kuma lambobi 6 ɗin nan da aka turo miki su ne shaidar mallaka. Da ya shigar da su, tasa ta zama babba, taki ta fita. Maganin yana cikin wannan dokar. Layin yana hannunki, don haka ki sake shigar da lambarki, a turo miki sababbin lambobi 6, ki sa. Da kin sa, an fitar da shi. In ya riga ya ɗora nasa PIN, za a ce ki jira kwana 7 kafin ki shiga, amma shi ma a waje zai yi zaman. Kafin nan ki kira 'yan'uwa da shugaban aji da baki, a cire lambarki daga duk zaurukan hira, a sanar kada kowa ya tura ko sisi. Kawunki ya garzaya bankinsa yau da shaidar turawar.

Tsofaffin hirarrakinki na WhatsApp a cikin wayarki suke, ba a wurin kamfanin ba, don haka da lambobin nan kaɗai bai same su ba. Abin da ya samu shi ne zaurukan da kike ciki, da lambobin mutanen cikinsu, da duk sabon saƙon da ya shigo bayan ya karɓe. Telegram kuwa, da na san ɗalibai na amfani da shi don littattafai, ba haka yake ba. Shi hirarraki na yau da kullum a kwamfutocinsa yake ajiye su, shi ya sa duk wanda ya shiga asusunki daga ko'ina zai ga tarihin gaba ɗaya. In kin taɓa buɗe shi a kwamfutar shagon buga takardu, ki shiga "Devices" ki rufe duk wanda ba naki ba.

Da kin dawo, ki duba shafin na'urorin da aka haɗa ko ya bar wata a buɗe, sannan ki kunna "Two-step verification", ki zaɓi PIN ɗin da ba shekarar haihuwarki ba, ki haɗa da imel ɗinki. Akwai kuma wata dabarar da ya kamata ki faɗa wa 'yan ajinku: a ce ki shigar da wasu haruffa da lambobi guda 8 a cikin WhatsApp ɗinki don ki ga hoto ko ki shiga wani zaure. Wannan lambar haɗa na'ura ce. Wanda ya sa ta ba za a fitar da shi ba, wayarsa za ta ci gaba da aiki lafiya lau, ɓarawon kuma yana karanta komai a gefe. Ba wani taro, ba wani tallafi, ba wata makaranta da ke buƙatar lambar da WhatsApp ya turo miki.

Masu karatu, kafin ku ajiye wannan shafi, kowa ya ɗauki wayarsa ya buɗe "Linked devices". In kun ga na'urar da ba ku san ta ba, ku fitar da ita, ku kuma duba wa iyayenku da ba su iya ba. Masu tambaya su ci gaba da aiko da wasiƙunsu. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.